Maganar da Na Faɗa a Rugar Baffa Julɗe

Kafin in shiga wannan babi, ya kamata in faɗa muku, Rahila da Dauda, cewa ba kome nake tunawa daidai ba. Shekaru sun ja, ciwon sukari ya taɓa mini ido, ina jin ya taɓa tunanin ma. Akwai abin da nake gani tar kamar jiya, akwai wanda ban san ko na gani da idona ko ba ni labari aka yi ba. Inda nake shakka zan ce ina shakka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hoton nan da ke rataye a falo, sama da rediyo, wanda nake tsaye kusa da wani dogon mutum mai farar riga. Tun kuna ƙanana kuke ce masa abokin Baba. Da kuka tambaye ni inda yake, na ce muku ya yi ƙaura. A majami'a kuma, duk sa'ad da aka zo maganar hidima a ƙasar waje, sai an ambaci sunana, ku kuma ku ɗaga kai. Ban taɓa tashi na gyara maganar ba. Yau nake so in gyara.

Na gama jami'a a Yamai da girmana, bayan na yi shekaru ina koyarwa a lakwal, wato firamare, nan wajen Maraɗi. A lokacin ne 'yan'uwa masu bi da ke Ƙaurar Namoda suka aiko wa majami'armu roƙo, cewa akwai wata makarantar ƙauye da malamanta ke neman wanda zai taimake su da dabarun koyar da karatu, ko da na shekara ɗaya ne, hidima ba albashi. Na yi mako uku ina juya maganar kafin in ɗaga hannu. Mahaifiyarku Saratu tana tankaɗe na gaya mata. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Kai da ko hular da za ka sa da sahe sai ka tambaye ni, kai za ka haye iyaka?"

Na yi dariya a ranar. Da na tsaya na saurare ta, da ya fi.

Na bi ta Jibiya, na wuce Zurmi, na kwana biyu a Ƙaura wurin 'yan'uwa, sannan aka ɗauke ni a babur muka yi hanyar Shinkafi, muka ratse daji ta wajen Katuru. Ba zan faɗi sunan garin ba, ko da yake yanzu babu kowa a cikinsa da zai cutu. Mai gari da liman suka karɓe ni a ƙofar fada, suka gindaya mini sharaɗi ɗaya: in koyar da karatu da lissafi, kada in yi wa yaransu wa'azi. Na amsa, kuma na riƙe. Hedimasta, Malam Lawali, shi ya ba ni ɗaki kusa da zaurensa. Gidan kuwa a hannun mahaifiyarsa yake, Inna Kulu, tsohuwa mai ɗingishi da kaifin baki, wadda tun ranar farko ta raɗa mini suna Ɗan Faranshi. Ita ke aiko mini da tuwo, ita ke leƙowa ta ga ko na cinye. Sau ɗaya a wata nakan je Ƙaura sujada, kuma duk ranar da ta ga na goge takalmi sai ta ɗaga murya daga tsakar gida:

"Ɗan Faranshi, in ka isa ka gaishe min da Annabi Isa, ka ce mishi ƙahwag ga ta dama har yanzu ba ta bari ba."

"Inna, ai kin fi ni kusa da liman."

"Liman ya yi nashi, ba ta ji ba. A gwada naku."

Malamai uku ne a makarantar, amma wanda ya shafi wannan babi shi ne Malam Sambo, dogon mutumin da ke cikin hoton. Bafulatani ne, ya yi kwalejin horon malamai, ba a ɗauke shi aiki ba, ya ci gaba da koyarwa haka nan. An sace shanun mahaifinsa tun kafin zuwana, gidansu ya watse, shi kuma ya koma zama a rugar surukinsa, Baffa Julɗe, tafiyar kusan awa ɗaya daga gari. A lokacin ban auna nauyin wannan ba. Namiji ba shi da saniya ko ɗaya, yana cin abincin gidan uban matarsa, tsaransa na riƙe da sanda shi yana riƙe da alli. Kullum da safe shi ke tattaro yaran ruga, su goma sha wani abu, ya sa su gaba har makaranta, ya mayar da su bayan azahar. Ba don shi ba, ko yaro ɗaya ba za a ba mu ba.

Aikin ya yi daɗi a watannin farko, wannan ba zan ɓoye ba. Littattafai ba su isa ba, sai muka riƙa karya kara muna haɗa baƙaƙe a kan rairayi, muna murza yumɓu mu yi wasula mu shanya. Da yamma mu zauna da malamai ƙarƙashin itacen bedi, wato darbejiya, in nuna abin da na sani, su nuna mini inda ba zai yiwu ba. Yara suna kirana Mushe, kamar yadda ake kiran malami a wajenmu, saboda sun ji abin dariya ne. Malam Sambo yana juya wa ƙanana bayani da Fulatanci. 'Yarsa Daso, mai shekara bakwai ko takwas, ita ta fara karanta jimla cikakkiya a ajina, ta karanta ta rufe fuska da hannu biyu. Ubanta yana tsaye a bakin ƙofa, ya juya baya kamar bai ji ba. Daga baya Malam Lawali ya ce mini haka Fulani suke, uba ba ya yabon 'yarsa ta fari a gaban mutane, ko sunanta ba ya kira. Na ji wannan, na rubuta a littafina a matsayin abin sha'awa. Ban koyi kome daga ciki ba.

Bayan girbi abubuwa suka lalace. Aka fara tare hanya, aka kore shanun noma na mutanen gari, aka kashe manoma biyu a wani ƙauye kusa da mu. Samarin garuruwa suka haɗa ƙungiya da bindigogin gargajiya, ana ce musu 'yan sa-kai, suka ce duk Bafulatani ɓarawo ne ko ɗan leƙen asirin ɓarayi. Ranar kasuwa suke taruwa, daga garuruwa daban-daban, mafi yawansu ba mu san fuskokinsu ba. Matan ruga suka daina kawo nono. Inna Kulu ta koma dama fura da tsamiya tana tsaki. Malam Sambo bai daina zuwa ba, sai dai ya canza hanya, yana zagayowa ta bayan gari, kuma ranar kasuwa ba ya zuwa sam. Ba wanda ya ce masa kada ya zo, ba wanda ya tambaye shi dalili. Malam Lawali yakan ce kawai, "Yau Malam Sambo shina da uzuri," a wuce wurin. Yanzu na gane cewa da wannan shirun suke kare shi.

Ana cikin haka aka bugo mini waya cewa dattawa biyu na majami'armu za su zo daga Maraɗi, tare da wani ɗan'uwa daga Ƙaura, su ga aikin da idonsu. Mota ba ta shiga garin sai ranar kasuwa, don haka ranar kasuwa za su zo. Na shirya yara za su yi karatu a gabansu. Kuma gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, a duk wasiƙun da nake aikawa gida, yaran ruga nake sawa gaba. Ɗan manomi da ɗan makiyayi a kan tabarma ɗaya, shi ne abin da nake taƙama da shi. Ina so a ga Daso tana karatu. Ina so a ga Malam Sambo.

Ana gobe za su zo, bayan an tashi makaranta kuma Malam Sambo ya riga ya tafi da yaransa, Malam Lawali ya dawo daga fada fuskarsa ba daɗi. Ya ji cewa gobe 'yan sa-kai za su zo da yawa, kuma yana tsoron Malam Sambo zai zo saboda baƙin, ko da yake ranar kasuwa ce. Ya ce shi ba zai iya zuwa ruga ba, idan aka gan shi a hanyar za a ce da ɓarayi yake. Ni baƙo ne, kowa ya san ni da yawon duba yara.

"Mushe, ka tahi yanzu. Ka ce ma Malam Sambo ni, hedimasta, na ce kada shi zo gobe. Umurni na. Kada ka ƙara kome bisa."

Ina ɗaura takalmi Inna Kulu ta ɗingiso har zaure, abin da ba ta saba ba.

"Ɗan Faranshi, ka ja shi bayan garke, kai da shi. Ka ji ko?"

"Na ji, Inna."

"Ba ka ji ba. Kai kullum maganarka kamar mai tsallaka ruwa, ƙahwa guda ciki guda waje. Ka hwaɗa mishi gajere, ka juyo."

A hanya na yi ta saƙa da warwara. Na ce a raina, ni wane ne da zan ba mutum umurni a gidan surukinsa? Ni baƙo, ni Kirista, in je in ce wa Bafulatani kada ya shigo gari, ba zai ɗauka mu ma mun bi sahun masu korarsu ba? Ashe ba mutunci ba ne a bar babban mutum ya yanke wa kansa shawara? Duk waɗannan tunani na yi su da gaske, ba ƙirƙira nake yi yanzu ba. Amma a ƙarƙashinsu akwai wancan ɗaya, na son a gan shi gobe, kuma ina jin shi ne ke tura sauran.

Na isa da la'asar sakaliya, shanu ba su dawo ba tukuna. Baffa Julɗe na zaune a kan buzu, tsoho siriri mai farin gemu, da wasu maza biyu, ina jin 'ya'yansa ne. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono a ƙwarya. Aka kira Malam Sambo. Ya zo ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna can gefe, kansa ƙasa, bai dubi inda tsohon yake ba. Daga bayan bukka ina jin daka. A nan ne ya kamata in sha nonon, in yi sallama, in ce Malam Sambo ya taka mini. Al'ada ce, da ya raka ni har bayan garke ba tare da kowa ya yi zargin kome ba. Amma tsohon ya tambaye ni ko lafiya, ni kuma na ga kamar rashin ladabi ne in ɓoye masa. Sai na fara. Na ce gobe muna da baƙi. Na ce Malam Lawali yana ganin wataƙila, saboda yadda gari yake, zai fi kyau a duba. Na ce ni dai ba zan tilasta wa kowa ba. Sannan na juya wajen Malam Sambo, da murya mai taushi, don ina ganin alheri nake yi masa, na ce:

"Malam, in kana jin tsoro ka zauna gida. Wallahi ba wanda zai ga laifinka."

Dakan ya tsaya. Wannan ina da tabbaci a kansa. Baffa Julɗe ya ɗauki sandarsa yana zane a ƙasa. Ɗaya daga cikin mazan nan ya yi wani ɗan sauti a hanci, ko dariya ce ko tari, ban sani ba. Malam Sambo ya ɗago, karo na farko tun zuwansa, ya yi murmushi.

"Tsoron mi, Mushe? Sai ka gan ni."

Na ce ba dole ba ne fa. Ya ce ya ji. Na sake cewa ya yi tunani. Ya ce ya gama. Ya rako ni har bakin hanya, muna tafe yana ba ni labarin wata saniya da ta haihu, kuma a nan, mu biyu kaɗai, ina da dama ta biyu in ce masa hedimasta ya hana. Ban faɗa ba. Na ce a raina ai na ba shi zaɓi, shi ya zaɓa. 'Ya'yana, ga abin da ya fi yi mini nauyi: a hanyar komawa gari zuciyata fari take. Daɗi nake ji. Da Malam Lawali ya tambaye ni ko na isar, na ce na isar.

Washegari baƙi suka iso da hantsi a motar kasuwa. Mun fara ke nan sai ga Malam Sambo, cikin farar rigarsa ta sallah, shi kaɗai. Bai zo da yaro ko ɗaya ba. Kuma ba ta bayan gari ya zagayo ba, ta tsakiyar kasuwa ya ratso. Na ga fuskar Malam Lawali ta canza, ya dube ni, na kau da kai. Ɗaya daga cikin dattawan ya tambaya ina yaran rugar da nake ta ba su labari. Malam Sambo ya ce sun tafi kiwo. Ya tsaya aka yi karatu, ya taya ƙanana riƙe baƙaƙen yumɓu, aka ɗauke mu hoton nan. Baƙi suka ci abinci suka yi addu'a, suka bi motar farko saboda hanya. Ba su ga kome ba, kuma abin da suka gani shi suka kai gida. Daga nan labarin da kuke ji a majami'a ya fito.

Malam Lawali ya roƙi Malam Sambo ya kwana a gidansa. Inna Kulu ta aiko a ce masa ta riga ta sa masa tuwo. Ya yi godiya ya ce ana jiransa. Ina jin ya san cewa in ya kwana a ɓoye a gari, daidai yake da bai zo ba. Ya ba ni hannu, ya ce in ajiye wa yarinyar nan allonta, bai ambaci sunanta ba. Bai kai ƙarshen rumfunan kasuwa ba 'yan sa-kai suka tare shi. Daga ƙofar makaranta ana hangowa. Malam Lawali ya ruga ba takalmi yana ihu cewa malaminsa ne, malamin makaranta ne, a tambayi mai gari. Wani ya tura shi ya faɗi. Ni ina tsaye da alli a hannu. Na sha gaya wa kaina cewa da na je ma ba abin da zai canza, baƙo ne ni, kuma mai yiwuwa gaskiya ne. Amma ban je ba. Suka ɗaure masa hannu ta baya da rawaninsa, suka sa shi a babur tsakanin mutum biyu, suka yi gabas. Bai yi ihu ba, bai waiwayo ba. Ba a sake ganinsa ba, ko gawarsa.

Da magariba Inna Kulu ta sa aka kira ni tsakar gida. Malam Lawali na zaune a kan turmi, gwiwarsa a ƙuje.

"Mi kac ce mishi jiya?"

Na maimaita mata, kalma bayan kalma, don ban iya ƙarya kai tsaye ba, iyakata in rage.

"Gaban wa?"

"Gaban Baffa Julɗe. Da 'ya'yansa. Ina jin matar Malam Sambo ma na ji."

Ta zuba mini ido ta ce:

"Mutum na cin tuwon surukinai, ba shi da ko akuya, ka tahi gaban surukin ka ce ko tsoro shikai? Da igiya ka ɗaura mishi a wuya ka jawo shi, da ya hi samun hanyar kuɓuta. Da ka ce hedimasta ya hana, sai shi ce an hana shi, shi zauna da mutuncinai. Wanga kaɗai munka aike ka."

Na ce ban sani ba. Ta ce ta san ban sani ba, shi ya sa ta biyo ni har zaure. Sannan ta tashi ta zuba mini tuwo da kanta, ta ajiye a gabana. Ba ta sake tayar da maganar ba har na bar gidan. Amma daga ranar ba ta ƙara ce mini Ɗan Faranshi ba. Malam Iliya take kirana, da ladabi, kamar wanda ya zo jiya.

Kwana uku bayan haka na yi ƙarfin hali na koma rugar da allon Daso a hannu. Na tarar da turaku da toka da kashin shanu. Sun tashi. Wasu sun ce Nijar suka haye, wasu sun ce cikin daji suka shiga, kuma akwai masu cewa ɗaya daga cikin 'ya'yan tsohon ya ɗauki bindiga daga baya. Wannan ban tabbatar ba, kuma ina roƙon Allah ya zama ba haka ba ne. Na ƙarasa watannina da yaran gari, ina koyarwa kamar mai aikin dole. Shekara biyu ko uku bayan dawowata aka kai wa garin hari, mutane suka watse. Na ji Malam Lawali yana Ƙaura yana sayar da itace, Inna Kulu kuma a can ta rasu, a ɗakin haya. Makarantar, an ce, rufinta ma an kwashe.

Na kai wa fastonmu wannan magana sau ɗaya. Ya ce ba ni na ɗaure shi ba, ba ni na sa shi a babur ba, kuma Ubangiji mai gafara ne. Na gaskata duka ukun. Ina addu'a, ina cin jibin Ubangiji tare da ku. Sai dai ban san yadda ake karɓar gafara a kan abin da mutane ke yaba maka ba, kuma duk shekarun nan ban sami ƙarfin tsayawa gaban jama'a in ce su daina ba. Allon yana cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin takardun jami'a. In na mutu kada ku jefar. Hoton kuma ku bar shi inda yake, amma in jikokina sun tambaya, kada ku ce musu ya yi ƙaura. Ku ce sunansa Malam Sambo, malami ne, ya bar yaran a gida ya zo shi kaɗai.

Mai yiwuwa na yi kuskure a wasu wurare. Ko mazan da ke zaune da tsohon biyu ne ko uku, ko gabas aka yi da shi ko arewa, ko rawani ne ko igiya. Duk wanda ya kasance a wurin, in wannan rubutu ya kai gare shi, ina roƙonsa ya aiko wa 'ya'yana gyara, su sa a inda ya dace. Malam Lawali, in kana raye, ka fi ni sanin ranar kasuwar. Daso, in kina raye, kuma in karatun bai gudu ba har kin iya karanta wannan, ke kika san abin da aka ce a rugar bayan na juya baya, kuma ina so in sani ko da ba zai yi mini daɗi ba. Wurare biyu ne kawai ba sa bukatar gyara, wato maganar da na faɗa a kan tabarmar nan, da daɗin da na ji a hanyar komawa. Waɗannan biyu na duba su kullum, ba su taɓa canzawa ba.